Matafiyin da Bai Bar Al Buteen Ba

Katako ne ya raba ɗakina da na Baba Ɗalhatu a unguwar Al Buteen ta Dubai, shi ya sa ranar Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, na ji komai. 'Yarsa Sauda ce ke roƙo.

"Baba, aro kawai. Su gani su maido maka."

"Khalas, magana ta ƙare, na ce babu wata takarda. Matafiyi ba ya ajiye takarda."

A shekarar 2008 ne, ana rajistar waɗanda ba su da ƙasa. Wanda ya nuna ubansa na zaune a nan tun kafin Turawan Ingila su tafi, za a duba maganarsa. Sauda a unguwar nan aka haife ta, shekararta talatin da shida, amma ko asibiti sai da katin wata take zuwa. Masu neman aurenta biyu suka janye, don ba a rubuta aure babu shaida.

Uban ya baro Damagaram a ƙafa yana saurayi, da niyyar Makka. Ya ratsa Sudan, ya haye ruwa, ya faɗa birnin Adan, daga can wani hafsan Ingila ya taho da shi Dubai. Da Turawa suka tashi tafiya, sai suka bar shi a bakin ruwa kamar tsohuwar tukunya. Ko da aka zo rubuta mazauna, ya ce kada a sa shi: wanda ya ɗaura niyyar hajji ba ya cewa ya zauna, ko ya shekara arba'in a zango. Har yau ba ya kwana a gado, jakarsa a ɗaure take a gefen tabarma. Fataken kasuwar Naif, na Nijar da na Najeriya, sukan durƙusa gabansa kafin su loda kwantena, ya tofa musu addu'a. Waliyyi suke ce masa.

Washegari ya fita, Sauda ta kwance jakar, ta kawo mini takardar don ni ke jin Ingilishi. Takardar ta yi ja, amma ga hatimi, ga shekarar 1969. Hafsan ya rubuta cewa Ɗalhatu kukunsa ne a Dubai shekara biyu, yaro mai biyayya, ba wanda ya kai shi gasa naman alade da haɗa giya ga baƙi.

Na karanta mata duka. Ta tambaya ko shekarar ta fito sosai. Ita shekarar kaɗai ta dame ta.

Ni kuwa haushinsa na ji. Ba don aladen ba, yunwa ta sa mutane abin da ya fi haka. Jeddah sa'a uku ce a jirgi, kuma fatake nawa suka ce za su kai shi, yana cewa lokaci bai yi ba. In ya sauke farali ya zama tsoho kawai. In takardar ta shiga ofis, dole a kira shaidu daga cikin masu durƙusa masa, su ji abin da waliyyinsu ya dafa. Ya auna wannan da rayuwar 'yarsa, ya ga wanda ya fi masa nauyi.

Da la'asar ya buga mini ƙofa, da carbi a hannu. Sauda na ciki, ta ƙanƙame takardar. Bai ɗaga murya ba, hannu kawai ya miƙa, ya kira ta da sunan da uwarta ke kiranta kafin ta rasu. Na ce masa jibi ake rufe rajistar. Ta dube ni, ta dube shi, ta miƙa masa.

Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya juyo gare ni.

"Ɗana, mace me za ta yi da ƙasa? Sauda, je ki ɗora shayi, Issoufou falke na nan tafe karɓar addu'a."