Man Gyaɗa a Agogon Baba

Jama'a, yau na ga ƙazanta a agogon marigayi Baba, mai tsuntsun katakon nan da ke leƙowa ya yi kuka.

Da farko muryarsa ta dushe. Sai na kai wa mai gyara a kasuwar Wunti. Yana buɗe bayan agogon, kyankyasai suka watso har cikin hannun rigata! Sun cinye fatar 'yan zugazugan da ke hura kukan. Ya ce, "Alhaji, wa ya zuba mai a ciki? Shi ya jawo kyankyasan. Tsuntsun nan ya yi shiru ke nan."

Na dawo gida na tambaya. Goggo ta ce, "Ni na ɗura masa man gyaɗa, maƙoshinsa ya bushe."

Na ce, "Goggo, katako ne fa."

Ta ce, "Katako na kuka ne?"