Maganin Ciwon da Bai Zo Ba

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye ne turmin haƙorina ya ruɓe. A Sakkwato likita ya huda shi, ya cire jijiyar, ya toshe ramin. Ya miƙo mini ƙwayoyi, ya ce in sa wani abu a cikina in haɗiye su tun allurar kashe zafin da ya yi mini ba ta sake ni ba, don idan zafin ya riga ni, maganin sai dai ya bi bayansa. Ni da na yi wata guda ina birgima a tabarma, ba sai an maimaita mini ba.

Mota ta sauke ni a Isa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya ɗauke ni a babur zuwa Sabon Birni. Ba mu yi nisa ba leɓena ya fara dawowa nawa, kuncina yana tsiki-tsiki. Tsoro ya kama ni. Cikina wayam, goran ruwana kuma na manta shi a mota.

Na ce, "Kawu, tsaya, za ni shan magani."

"Shina ciwo?"

"A'a."

"To mi za ka sha ma magani? Lahiya lau mutum shi tsokano cuta! Bari mu kai gida."

Sai da na yi ta dukan kafaɗarsa ya tsaya kusa da Kamarawa, yana mita. Rijiyar bakin hanya laka ce kawai. Wata tsohuwa da ke tsinkar tafasa ta ga ina riƙe da kunci, ta shiga gida ta fito da ƙoƙon fura, tsararo, ruwa ya fi gero yawa. Na san abin da ƙoƙon nan yake a irin wannan shekara, na ji kunya ƙwarai. Ta ce, "Sha, ɗana, ba a shawara da haƙori."

Na kurɓa ta gefe guda, na haɗiye ƙwayoyin.

Ciwo bai zo ba, ko a hanya ko washegari. Na yi barci har da minshari, na tashi ina jin daɗin duniya, ga fari ga komai. Haƙorin yana nan, da shi nake tauna goro.

Kawu kuwa har ya koma ga Allah bai sauka daga maganarsa ba. Duk wanda ya zauna da shi sai ya ji labarin yaron da ya shanye wa tsohuwa fura, ya yi asarar magani, alhali haƙorin ko motsi bai yi ba.