Ranar da Maigidana Ya Hau Dutse da Safata

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Manfuha, unguwar da maigidana yake zaune a Riyad. Mu huɗu ne a motar: ni da shi, sai abokinsa mutumin Maraɗi da yake tuƙi, da matar abokin, wadda a nan aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta gudu. Asabar ce, kuma ita ce ta ƙarshe da ta rage mini, domin bizar ziyarata ta wata uku za ta ƙare ranar Laraba. Tun ina gida nake kallon hoton wani dutse da ke bayan birnin, inda ƙasa take yankewa kamar an sa mata wuƙa, mutum ya tsaya a baki ya hangi duniya a ƙarƙashinsa. Ni kuwa da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, na riga na tsara yadda abin zai kasance: ni da shi a bakin dutsen, iska tana kaɗa mayafina. Na ce masa ba zan hau jirgi ba sai an kai ni.

Abokin ya gargaɗe mu tun farko cewa silifa ba ta zuwa can, sai takalmin hawan dutse, mai kauri, mai rufe idon sawu. Sai na ƙudurta zan saya wa maigida nasa ba tare da ya sani ba. Na yi yadda mahaifiyarmu take yi idan za a sayo mana takalmin Sallah. Na zaro tsinken tsintsiya, na ɗora a kan shatin ƙafarsa da ya fito a tsohon silifansa, daga dunduniya zuwa babban yatsa, na karya, na jefa a jaka. Matar abokin ta raka ni wani shago a Suwaidi. Mai shagon ya dubi tsinken, ya dube ni, ya yi magana. Ta ce, "Wai ina mai ƙafar?" Na ce yana wurin aiki a kasuwar Aziziya. Na bi takalman ɗaya bayan ɗaya ina zura tsinken, har na sami wanda ya kwanta a ciki cif-cif, ruwan ƙasa mai jan igiya. Na haɗa masa da safa mai kauri. Nawa kuwa na ɗauki babba, don a gidanmu ba a saya wa mace takalmi sai da sarari.

Da na miƙa masa kwalin a safiyar tafiyar, ya daɗe yana juya takalmin. Ya saka, ya ɗaure, ya miƙe tsaye, ya ce, "Gimbiya, kamar a ƙafata aka ƙera shi." Ranar ko ƙasa ban ji ina takawa ba.

Titunan Riyad da sassafe sai ka rantse ba su ne masu cunkoson nan ba. Mun tsaya a wani ɗan shago kafin mu fita gari, muka sayi tamis, gurasar nan mai faɗi da ake ciro ta da zafi daga tanderu, da ful, wato wake da aka dama da man zaitun. 'Yan riyal kaɗan suka ciyar da mu huɗu har da ragi. A gidan mai kuwa, da na ji abin da aka biya aka cika tanki, sai da na sa aka maimaita mini, domin ruwan gora da muka saya ya kusa kamo shi.

Bayan mun wuce gonakin dabino da wasu ƙananan garuruwa, kwalta ta ƙare. Daga nan sai tsakuwa da kwari, mota tana rawa, kofunan shayi suna kaɗa a bayanmu. Itatuwan ƙaya a warwatse kamar bagaruwar gida. Mun ci karo da garken raƙuma, ɗaya ya tsaya a tsakiyar hanya yana tauna, yana kallonmu kamar mu ne muka shigo masa ɗaki ba sallama. Abokin ya leƙa ta taga ya ce, "Yalla, Alhaji, a ba mu hanya!" Sai da ya ga dama ya matsa.

Wajen hantsi muka ajiye mota. Bakin dutsen da nake mafarki yana can gaba, sai an gangara wani kwari mai duwatsu, sannan a sake hawa. Muka fara gangara. Tun a nan na ji dunduniyata tana zamewa a cikin takalmin, tana goguwa, amma na yi shiru, don ban taɓa karanta littafin da jaruma ta yi ƙorafin takalmi ba. Can na lura maigida ya koma baya. Yana saukowa a karkace, yana tsayawa bayan kowane taku biyar yana duban sama. Na ce lafiya? Ya ce yana tasbihi ne, ikon Allah ya yi yawa a wurin. Har na ji ƙwalla, na ce kai, na auri mai zurfin zuciya.

Abokin ne bai yarda ba. Shi ya sha kawo baƙi wurin nan a motar kafil ɗinsa, wato uban gidan da yake yi wa aiki, ya san tafiyar mai tasbihi, ya san ta mai ciwo.

"Malam, zauna ka cire takalmin nan."

"Takalmin lafiya lau yake."

"To ƙafar nake son gaisawa da ita."

Da aka cire, na kasa kallo. Manyan yatsunsa biyu sun yi jawur, farcen ɗaya ya fara duhu. Abokin ya zaro shimfiɗar cikin takalmin ya ajiye a kan dutse, ya sa shi ya taka. Yatsun suka kai har baki, babu ko wurin da ƙwayar gero za ta zauna. Ya ce mini, "Amarya, tsinkenki bai yi ƙarya ba, amma tsinke ba ya kumbura." Ya bayyana mana cewa ƙafa tana ƙara girma idan ta sha tafiya, safa mai kauri tana cin nata wurin, kuma a gangara duk nauyin mutum kan yatsu yake tafiya. Dole a bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, dunduniya kuma ta zauna daram. Ya ce idan aka ci gaba a haka farcen zai fita, gara mu koma mota.

Na dubi bakin dutsen, ga shi nan ana hangowa, na dubi ƙafar. Na ce mu koma. Maigida ya ce ko da rarrafe ne sai ya kai ni. Muna wannan jayayya matar abokin ta tsugunna ta kama ƙafata, ta girgiza takalmina, ya yi ƙwal-ƙwal. Ta ce da Hausarta mai ɗanɗanon Larabci, "Ke naki babba, shi nasa ƙarami. Ku canza safa, halas, shi ke nan!"

Haka aka yi. Na cire safata baƙa, siririya, irin wadda muke sawa a ƙarƙashin abaya, mai ɗan fure a wuya. Maigidana, mutumin da ma'aikata suke miƙewa idan ya shigo sito, ya zauna a kan dutse ya zura ta. Ni na saka tasa mai kauri, nan take dunduniyata ta daina yawo. Abokin ya bar shimfiɗar a waje, ya sassauta masa igiyar ta wajen yatsu, ya ɗaure ta tamau a idon sawu don kada ƙafar ta zame gaba. Yana ɗaurewa yana cewa, "Wallahi furen ya karɓe ka. Bari mu koma Manfuha a ji labari." Maigida ya ce idan labarin ya fita, shi ma yana da nasa da zai bayar.

A hankali muka ƙarasa gangaren, yana dafe da kafaɗata. Hawan bai ba shi wahala ba. Can muka kai baki. Ƙasa ta yanke, fili ya miƙe har inda ido ya gaji, tsoffin hanyoyin ruwa sun zana shi kamar tafin hannu, tsuntsaye suna shawagi a ƙasa da mu. Iska ta zo, ba kaɗa mayafin ta yi ba, nema ta yi ta tafi da shi, sai da na riƙe da hannu biyu. Na jira kalaman da jarumai suke faɗa a irin wannan wuri. Maigida ya dubi filin, sannan ya ce a hankali, "Laraba ta yi kusa da yawa." Ban taɓa karanta abin da ya kai wannan ba.

Mun ci kabsa a inuwar mota, shinkafa da kaza da matar abokin ta dafo, muka yi azahar, muka juyo. Kafin magariba muna Manfuha, ƙafarsa a cikin roba da ruwan ɗumi da gishiri. Farcen bai fita ba.

Ga masu niyyar zuwa, ku je da yamma ku sayi takalminku, lokacin da ƙafa ta gaji ta buɗe, ku saka safar da za ku hau da ita, ku taka a shagon sosai kafin ku biya. Kada a aika. Ni kuma na koyi cewa mai ƙaunarka zai iya ce maka lafiya lau alhali yana cin wuya, don haka yanzu tafiyarsa nake kallo kafin in saurari bakinsa. Maigida yana daga zaune, ƙafa a ruwa, ya ce idan na dawo za mu je duwatsun kudu, waɗanda suka fi wannan tsawo. Na ce na yarda, amma shi zai shiga shagon da ƙafarsa. Ni launi kawai zan zaɓa.