Rubutun Inna a Bangon Kwaleji

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son ta aike ni sai ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa wancan ya zo." In kuwa babu kowa a kusa, sai ta yi gyaran murya ta ce, "Kai." Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Haka iyayen abokaina suke yi wa 'ya'yansu na fari a unguwarmu ta Daura, kuma duk wanda ya tashi a ciki ya san kunya ce kawai. Naman da ya fi tsoka a kwanona yake ƙarewa, sai dai ba ita ke miƙo mini ba.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta yi karatun allo tana yarinya, tana iya bin Alƙur'ani da yatsa, amma ba ta taɓa shiga aji ba. Bayan an ƙaddamar da shari'a makarantun matan aure suka yi yawa a gari, har aka buɗe ɗaya a bayan layinmu. Ana karatu bayan la'asar, ana koyar da fiƙihu da hadisi, ranar Asabar da Lahadi kuma wata malama tana koya musu rubutun boko. Inna ta shiga tana da shekara hamsin da wani abu. Lokacin ina shekarar ƙarshe a wata kwalejin horon malamai a Katsina, a sashen zane-zane, sai a bakin ƙanwata na ji labarin. Na yi dariya na ce Allah ya ba da sa'a, na manta da zancen.

A shekarar ne malaminmu ya ce kowa ya kawo aikin kammalawa da za a rataye a zauren kwaleji, jama'a su zo su gani. Ya ja mana kunne cewa a yanayin da ake ciki ba ya son hoton fuskar mutum, don gudun surutu. Wasu suka ɗauki rini, wasu zanen bangon gidajen gargajiya. Ni kuwa sashenmu na da wata 'yar kyamara da ake ba ɗalibai aro, tana da wani maɓalli mai alamar fure. In ka danna shi kana iya kai ta dab da abu, ta ɗauko maka abin da ido ba ya kula da shi. Na gwada ta a kan takardar darasina, na ga yadda biro ya huda hanya a jikin takarda kamar kunyar gona. Nan take na ce rubutun hannu zan ɗauka.

Na yi mako biyu a gida ina yawo. Na ɗauki rubutun wani malami da ke rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa. Na ɗauki littafin awon telan mahaifina, da takardar wani tsoho mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kotu. Da na koma na nuna wa malaminmu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tura mini kyamarar.

"Suna da kyau," in ji shi. "Amma duk waɗannan hannayen sun ƙware, sun daina jin tsoron takarda. Ka nemo mini hannun da har yanzu yake kokawa da harafi."

Na dawo Daura ran Alhamis raina a jagule. Na tarar Inna ta tafi suna garin Babban Mutum, sai jibi za ta dawo. Ina ba ƙanwata labarin abin da malamin ya ce, sai ta kwashe da dariya.

"Yaya, ai ga shi nan a ɗaki. In kokawa kake nema, littafin Inna ya ishe ka."

Ta shiga ta ɗaga katifa ta ciro shi a cikin leda. Littafin rubutu ne irin na 'yan firamare. Kafin ta sakar mini sai da ta riƙe shi gam ta ce, "Ka gani kawai. Ko ni ba ta san na san inda yake ba."

Shafukan farko baƙaƙe ne da wasula, layi-layi, da fensir. Ta danna fensirin sosai har ana jin tudun rubutun a bayan takardar. Wurare da yawa ta goge da yatsa, ba da abin gogewa ba, kuma duk inda yatsanta ya taɓa man gyaɗa ya bar tabo. Daga nan sai kalmomi: gida, ruwa, gero, tukunya. Sai sunan ƙanwata sau biyu, sunan autanmu sau uku. Da na juya shafi na gaba sai na ga sunana. Daga saman shafin har ƙasa sunana ne, haka na bayansa, haka na bayan wannan. Shafi huɗu. Akwai harafi ɗaya a tsakiya da take juya shi baibai, cikinsa ya kalli hagu maimakon dama. A layin ƙarshe na shafi na huɗu ne kawai ta rubuta shi daidai.

Zan so in ce hawaye ne ya fara zo mini. Gaskiya ita ce tunanin da ya fara zo mini shi ne, wannan shi malam yake nema. Na ɗauki littafin na kai bakin taga inda hasken hantsi ke shigowa a kaikaice.

"Yaya, me za ka yi?"

"Hoto kawai. Wa zai san nata ne?"

"Ka bari ta dawo ka tambaye ta mana."

"Kin san ba za ta yarda ba."

Na san ba za ta yarda ba, kuma da bakina na faɗa. Wannan maganar ce ta fi damuna har yau. Na yi wajen awa biyu ina ɗauka. Kyamarar ta fito da komai: rawar da hannun ya yi a kan kowace lanƙwasa, burbushin fensir, tabon mai da haske ke ratsawa kamar gilashi, har da zanen fatar yatsanta a inda ta goge. Na mayar da littafin cikin leda, ƙanwata ta maida shi ƙarƙashin katifa, na koma Katsina tun kafin Inna ta dawo.

Malaminmu ya miƙe tsaye da ya ga hotunan. Ya ce a wanke guda shida manya-manya, kowanne ya kai faɗin faranti babba, a liƙa su a kwali. Ya tambaye ni hannun wane ne. Da na yi shiru a nan da abin ya zo da sauƙi, amma yabon ya riga ya shiga kaina. Na ce na mahaifiyata ne, na ba shi labarin kunyar ɗan fari. Ya ce lalle a rubuta wannan a ƙasa, shi ne ran aikin. Da hannuna na rubuta a 'yar takarda cewa wannan rubutun mahaifiyata ne, 'yar ajin yaƙi da jahilci a Daura, wadda ba ta taɓa kiran sunana ba amma ta rubuta shi shafi huɗu.

Kwana uku hotunan suka yi a bango. Mutane suna tsayawa a gabansu fiye da ko'ina. Wasu su girgiza kai, wasu 'yan ajin ƙasa kuma su nuna harafin nan na baibai suna dariya. Na ga masu dariyar, na ce a raina ba su san fasaha ba. Na sami maki mafi yawa a ajinmu.

Abin da ban lissafa ba shi ne ba ni kaɗai ne ɗan Daura a kwalejin ba. Akwai wata yarinya 'yar layinmu da ke sashen Hausa, mahaifiyarta ajinsu ɗaya da Inna. Ta ɗauki hotunan da wayarta, har da 'yar takardar da na rubuta. Na tabbata ba da mugun nufi ta yi ba, burge ta abin ya yi. Ta je gida hutun ƙarshen mako ta nuna wa uwarta, uwar kuma ta karɓi wayar ta tafi da ita makaranta ranar Asabar.

Ƙanwata ce ta ba ni labarin yadda aka yi, don ita ta raka Inna ranar. Wayar ta zaga aji hannu zuwa hannu kafin malama ta shigo. Wata ta ce, "Ashe duk kunyar nan ta baki ce, a ɓoye ana ta rubuta sunan ɗan fari." Wata ta ce, "Kin yi suna, har Katsina an san hannunki." Wata mai ɗan karatu ta karanta takardar da ƙarfi, ta tsaya a kan kalmar jahilci. Wasa suke yi, irin na mata sa'o'in juna. Inna ma ta yi murmushi. Da wayar ta iso gare ta ta daɗe tana kallo, ta miƙa wa ta kusa da ita. Ta zauna har aka tashi, amma ba ta buɗe littafinta ba. Washegari da la'asar ƙanwata ta ce mata lokaci ya yi, ta ce gyaɗa ta yi mata yawa. Mako na gaba ta ce ƙafarta. Karatun hadisi ta ci gaba da zuwa, amma ajin Asabar da Lahadi ba ta sake taka shi ba. Malamar ta zo har gida sau biyu, Inna ta karɓe ta da fara'a, ta cika mata leda da ƙuli-ƙuli, ta raka ta ƙofa.

Na dawo gida bayan jarrabawa na same ta a tsakar gida tana matsar tunkuza. Na durƙusa na gaishe ta. A mota na shirya maganganu da yawa, amma da na ga bayanta duk suka watse.

"Inna, dama maganar hotunan nan ne..."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "An ci jarrabawar?"

"An ci."

"To madalla. Abincin na ɗaki."

Na ɗan ƙara jim a durƙushe. Ta ci gaba da aikinta, man yana tsiyaya a cikin kwano. Na tashi na shiga ɗaki na ci abincin. Na gaya wa kaina cewa tsakanin uwa da ɗan fari ba a doguwar magana, in na matsa zan ƙara mata kunya ne. Akwai gaskiya a ciki, amma na kuma san na ji daɗin samun wannan mafakar. Ƙanwata ta yi wata guda ba ta yi mini magana mai daɗi ba, domin ita Inna ta daina aikenta cikin ɗaki. Littafin kuwa babu wanda ya sake ganinsa. Hotuna shida ɗin na baro su a sashen, ban koma ɗauka ba.

Na sami aikin koyarwa a wata sakandare a wajen Mashi, na yi aure, shekaru suka tafi. Zancen bai sake tashi a gidanmu ba. Na taɓa sayo littafi da fensir na ba ƙanwata ta ajiye mata a kan gado ba tare da ta ce daga ina ba. Inna ta ba jikanta ya tafi da su makaranta.

Shekarar da idonta na dama ya yi yana, ni na kai ta asibiti za a yi mata aiki. Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo takardar amincewa, ta yi mata bayani a hankali, sannan ta miƙo biro.

"Mama, kin iya rubuta sunanki, ko mu kawo tawada?"

Ina tsaye a gefenta. Na san ta iya, don na ga sunanta a bangon littafin nan, harafi ɗaya bai kuskure ba. Idonta na hagu kuma garau yake. Ta kalli biron, ban san ko ta kalle ni ba domin na sunkuyar da kai.

"Kawo tawada, 'yata," in ji ta. "Mu ba mu yi boko ba."

Ma'aikaciyar ta kama babban yatsanta ta danna a tawada, ta danna a takarda, ta ba ta auduga. Na buɗe baki zan ce ta iya, sai na ga ba ni da ikon faɗin haka.

Aikin ya yi kyau. Bayan kwana biyu aka sallame ta, na ɗauko ta a motar wani abokina. Ta zauna a baya da bandeji a ido, ƙanwata na gefenta. Mun kusa shiga gari na rage gudu na ce, ba tare da na waiwaya ba, "Inna, ki yafe mini abin da na yi miki na littafinki."

Na zaci ba ta ji ba. Can ta ce wa ƙanwata, "Ki ce masa na yafe tun tuni. Ya kula da hanya."

Na yarda ta yafe. Amma ajin an daɗe da rufe shi, malamar ta bi mijinta wani gari, matan da suka fara tare da Inna wasunsu yanzu suna karanta saƙo a waya da kansu. Ita kuwa in saƙo ya shigo sai ta jira wani ya dawo gida.