Guntun Ragar da Habu Ya Ƙwace

Har in mutu ba zan manta ranar da Habu foman ya ƙwace mini guntun ragata ba. Ku sababbin direbobi da kuke ganinta a madubin bas ɗina kuna ce mata tsumma, ga labarinta.

Shekarar da aka yi gasar zakarun kulob-kulob na ƙwallon kwando a nan Doha, kamfaninmu ne ya samu kwangilar jigilar 'yan wasa. Tsarin shi ne kowane kulob bas ɗaya, direba ɗaya, daga saukarsu har tafiyarsu. Habu shi ke raba aiki. Manyan kulob ya ba abokansa, ni kuwa ya jefo mini waɗanda ba wanda ya sa musu rai. Kullum in ɗauke su daga masaukinsu a Al Aziziya, in kai su atisaye, in kai su zauren wasa.

A cikinsu akwai wani dogo ɗan Senegal, Musa, mai ciwon gwiwa. Kujerun bas ba don irinsu aka yi ba. In ya zauna, gwiwar sai ta tokare da kujerar gaba, ka ga yana cije baki. Na nemi izinin bakanikenmu na kwance kujera guda, ya samu wurin miƙe ƙafa. Tudun rage gudu kuwa, lallaɓawa nake yi kamar na ɗauko ƙwai. Daga nan suka koma kirana Baba. Kowace safiya sai ka ji, "Yalla Baba, mu tafi!"

Suka yi ta ci har suka ɗauki kofin. Al'adar wasan nan, waɗanda suka ci kofi sukan hau tsani su yanke ragar kwandon da almakashi, kowa ya ɗauki guntu. Ina tsaye jikin bas sai ga Musa yana ɗingishi, ya ja hannuna har tsakiyar fili, ya miƙo mini almakashi. Ni Lawal na Funtuwa, da ko firamare ban gama ba, na hau tsanin nan na yanki nawa guntun, jama'a na tafi.

Washegari a garejinmu na Mesaimeer, Habu ya tare ni.

"Malam Lawal, ka san doka. Direba ba ya karɓar kyautar baƙo. Kawo in kai ofis."

Na ba shi.

Ashe ofishin motarsa ce. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tarar ya tara 'yan ƙasarmu, ragar na reto a madubinsa, yana cewa wai kyaftin ɗin kulob ɗin ne ya ba shi saboda ya iya tsara aiki. Ɗan'uwana Bahaushe, wanda muke cin tuwo a kwano ɗaya! Na san kalma guda daga bakinsa wurin kafil, wato uban gidan da ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasar nan, ta isa a mayar da ni gida. Duk da haka na buɗe ƙofar motar, na kwance abata a gabansu.

"Lawal, ka haukace ne? Wallahi sai na kai ƙararka!"

Na ce, "Habu, kai ni. Ka faɗa wa kafil na karya doka, ni kuma in faɗa masa ofishin da na samo ta. Da hannuna na hau tsani na yanko wannan, lokacin kana miƙe a cikin sanyin ofis kana shan shayi. In kana son taka, ga makulli, ga bas can, je ka nema da guminka. Khalas, shi ke nan."