Na Ɓoye Ƙasata, Aka Kulle Muryar Kakana

A lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce mai ji da kanta, ban daɗe da gama karatun kwamfuta a Khartum ba, ina zaune gidan iyayena a unguwar Alsawra cikin Omdurman. Ni ce ta farko a danginmu da ta iya rubuta manhaja, shi ya sa duk wanda wayarsa ta yi gardama, daga unguwar Mayo har ta Hajj Yusuf, ni yake nema. A baki ina mita, a zuci kuwa daɗi nake ji. Kakana na wajen uwa yana tare da mu. Yana yaro ya shigo ƙasar nan tare da iyayensa a kan hanyarsu ta Makka, guzuri ya ƙare suka tsaya tsinkar auduga a yankin Jazira, daga nan ba a ci gaba ba, ba a kuma koma ba. Bayan la'asar, in an ɗora gahawa, sai in ajiye waya kusa da shi, ya yi ta ba da labarin hanya da sunayen garuruwa da waƙoƙin da mahaifiyarsa ke yi a gona, cikin irin Hausar da mu ba ma iya kai ƙarshen zance da ita sai mun faɗa Larabci. Da na tara da yawa, sai na ƙudura haɗa 'yar manhaja yadda dangi za su riƙa saurare daga inda suke.

Akwai wani babban dandali a intanet inda masu rubuta manhaja na duniya ke yin tambaya a ba su amsa. Ban taɓa ganin wurin da ilimi ya yi yawa, haƙuri ya yi ƙaranci irin nan ba. Tambayata ta farko na buɗe ta da sallama da gaisuwa kamar yadda aka koya mini a gida, kafin in waiga wani ya goge gaisuwar, wai ba ta cikin batun. Wani ya ce an taɓa yin tambayar, aka rufe ta. Na yi ta cizon yatsa, amma na koyi halinsu: ka faɗi matsala a taƙaice, kada ka kawo labarin kanka.

Abu ɗaya kuma tun a jami'a muka koya wa junanmu, shi ne kada ka taɓa rubuta Sudan. Shekarun mulkin soja ne, ga takunkumi a kanmu, shafuka da dama da zarar sun gane daga ina kake sai su rufe maka ƙofa. Kowa a ajinmu yana da ƙasar aro, muna kunna VPN, manhajar da ke nuna kamar a can kake zaune. Ni Malesiya na zaɓa, ƙasar da ko filin jirginta ban sani ba, ita kuma na rubuta a ƙarƙashin sunana a dandalin. Ba mu ɗauke shi ƙarya ba, mun ɗauke shi kamar riƙe lema a rana.

Da na tambayi yadda zan ajiye muryoyi masu nauyi a tsohuwar laftof ɗina, wadda ta cika har tana nishi, wani gwani a dandalin ya ba ni amsa mai tsari. Ya ce in daina wahalar da kaina, in buɗe akawun a rumbun ajiya na wani babban kamfani a waje, in zuba komai can, manhajar ta riƙa ɗaukowa. Amsa ce mai kyau ga mazauniyar Malesiya. Na bi ta, aiki ya yi kyau, har Kaka ya ji kansa a wayar ƙanwata ya yi dariya, ya ce ashe haka muryarsa ta tsufa ba wanda ya gaya masa. Da laftof ta ƙara rikicewa na wanke ta tas, wayar ma na share don samun wuri, tunda ga komai can a ajiye.

Kaka ya rasu cikin damina. Ana tsakiyar zaman makoki, mata cike da tsakar gida, wata gwaggona ta ce in kunna musu tsohon su ji. Ina ƙoƙarin shiga akawun ɗin aka ɗauke wuta, intanet ya yanke ya dawo, VPN kuwa bai dawo ba, ni kuma ban lura ba. Na shiga da adireshin Omdurman tsirara. Washegari saƙo ya zo cewa an rufe akawun ɗin, saboda ana amfani da shi daga ƙasar da ba su yi wa hidima.

Na rubuta wa kamfanin har na gaji, na'ura ce ke amsa mini, kullum magana ɗaya: in turo shaidar zama a Malesiya. Na koma dandalin, wannan karon na faɗi gaskiya duka, har da rasuwar. Aka goge zancen rasuwar, aka rufe tambayar, wai wannan ba matsalar rubuta manhaja ba ce. Wallahi da akwai wanda zan shaƙe a ranar da na shaƙe shi. Gwanin nan ne kawai ya bar mini 'yan kalmomi a ƙasa, ya ce ya yi baƙin ciki, kuma da na ce masa a Sudan nake da bai taɓa tura ni can ba, da ya nuna mini yadda zan matse muryoyin su shiga ƙaramin filashi. Wannan ta fi rufe tambayar yi mini ciwo.

Da na gaya wa Inna, mahaifiyata, ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya ko muryar ta goge ne. Na ce ban sani ba, wataƙila tana nan cikin wata na'ura a wata ƙasa, buɗewa ne suka ƙi. Sai ta ce to halas, shi ke nan, ai da sauƙi, in faɗi gidan mai kamfanin a tura masa dattijo ya ba shi haƙuri, ba mai jin maganar mamaci ya ƙi. Na rasa yadda zan fahimtar da ita cewa babu gida, babu ƙofar da za a yi sallama.

Abin da na koya shi ne, mai amsa tambaya a intanet, mutumin da ka ce masa kai ne shi yake amsa wa, ba kai ba. 'Yan uwana masu wannan sana'a, in za ku ɓoye ƙasarku don ku samu shiga, kada ku ɓoye halin da kuke ciki ga wanda kuke neman shawararsa, kuma abin da ba shi da madadi ku bar kwafinsa a hannunku. Har yau Inna kan tambaye ni ko mutanen nan sun huce, ni kuma in ce mata tukuna.