Yadda Cital Ya Shiga Tatsuniyata

A Runka, in an ci tuwon dare, ba na kiran kowa. Yaran unguwa da kansu suke shimfiɗa mini tabarma. Mahaifina maharbi ne, babu naman dajin da ban san kukansa da sawunsa ba, kuma duk na zuba su cikin tatsuniya. Har daga Tsaskiya an san bakina.

Da zaman ƙauye ya gagara muka dawo Batsari, muka kama ɗakuna biyu a gidan haya. A nan na tarar da abin da ya fi ƙarfina. Akwai wata malamar makaranta da aka turo aiki, ɗakinta na kallon nawa, tana da waya mai faɗi. Da magariba ta wuce sai jikokina da 'ya'yan maƙwabta su dunƙule a ƙofarta. Ni kuwa ina zaune da carbi, labarai cike da ciki, babu mai ji. Abin ya ci mini rai, don mai tatsuniya in ba masu saurare, tsohuwa ce kawai.

Wata rana da la'asar na fake da aron rariya na leƙa. Sai ga wata dabba a cikin wayar, ja, jikinta duk ɗige-ɗigen fari kamar an yayyafa mata nono. Na ce wannan ai mazo ne, na sha cin namansa.

"Iya, sake duba kansa," in ji Malama.

Na matso. Ƙahonin rassa gare su, kamar busasshen icce. Mazo ba ya haka. Rariyar ma na manta da ita, na zauna kan turmi na ce sai ta faɗa mini sunansa.

Ta ce a Turanci cital ake ce masa, kuma Turawan ma aro suka yi daga bakin mutanen Indiya, inda dabbar take. Ma'anarsa mai ɗige-ɗige, shi ke nan. Na yi dariya har da tafi, na ce ashe su ma kamar mu suke, abin da ido ya gani shi baki ke kira, yadda muke ce wa akuya mai farin tabo kyalla. Na tambaye ta ko macen na da nata sunan, ta ce sunan nan ya ishi namiji da mace, har garken duka. Ta ƙara da cewa kowace shekara ƙahonin namijin kan faɗi, wasu su tsiro. Kuma birai kan kaɗo musu 'ya'yan itace daga sama, in sun hango mugun dawa su yi musu kururuwa.

Wallahi tun tana magana labarin ya fara tafasa mini. Kwana na yi ina juya sunan a baki har ya zauna. Dabba ba ta shiga tatsuniyata sai da kirari, don haka na yi masa nasa ina tsince wake: cital mai rigar taurari, rawaninka reshe, ka yar ka naɗa sabo.

Washegari bayan an ci tuwo na shimfiɗa tabarmata da kaina, na ɗaga murya kamar da bango nake. Na ce wani baƙo ya zo dajinmu daga bayan teku, sunansa cital. Kawuna suka juyo daga wajen wayar. Na ce biri ne ya sauke shi, kura kuwa ta rantse sai ta ɗanɗana naman baƙo. Kafin kura ta gama laɓewa, tabarmar ta cika. Da ta yi tsalle ta cafke ƙahonin, suka cire a hannunta, baƙo ya ruga ya bar ta riƙe da itacen girki, yara suka yi ta birgima. Wata ƙarama har da shaƙewa.

Ina ɗaga kai na ga Malama tsugune a gefe, wayar kife a cinyarta.

"Iya, to ƙahonin fa, ya kura ta yi da su?"

"'Yar nan, matso ciki, ba a tambaya daga bakin tabarma."

Ta cire takalmi, yaran suka matsa mata, na gyara zama na ɗora daga inda kura ta nufi gida.